Kar a Taɓa Goggo

Ranar da Goggo ta faɗi a gaban baƙi aka ware mata kofinta daban.

Da la'asar ne. Ƙawayen matar yayanta su uku sun zo daga wurin aiki, suna zaune a falo ana ta hira da shewa. Goggo ta shigo ɗauke da tire, ta kai tsakiyar ɗakin, sai ta tsaya cak, idonta ya kafe a jikin bango. Tiren ya suɓuce, kofuna suka tarwatse, ita ma ta bi su ƙasa. Jikinta ya sandare, sannan ya shiga fizga, kumfa na fita ta gefen bakinta. Farfaɗiya ce. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take fama da ita, kuma babu wanda bai sani ba a gidan. Baƙin ne kawai ba su sani ba. Ɗaya ta ɗare kan kujera da takalminta, ɗaya ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ukun kuwa ta riƙa cewa a janye yara, yawun nan shi ne cutar, duk wanda ya taɓa ya ɗauka.

Auta ba ta gudu ba. Shekarunta biyar, ita ce ƙaramar 'yar gidan. Ta jawo matashin kujera ta cusa a ƙarƙashin kan Goggo kamar yadda Goggon ta taɓa koya mata, ta durƙusa tana shafa mata goshi tana cewa ta yi haƙuri, yanzu zai wuce. A haka uwarta ta fizge ta da hannu ɗaya ta yi waje da ita.

Da Goggo ta farfaɗo, falon babu kowa sai matar yayanta tana goge ƙasa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana zagaye ta da tsumman kamar yadda ake zagaye ƙafar tebur.

Da yamma yayanta ya kira ta. Mai shagon buga takardu ne, mutum mai sanyin magana da ba ya son hayaniya. Shi da kansa ya sha raka ta asibiti, da kunnensa ya ji likita yana cewa wannan ciwo ba a ɗaukarsa, ko a yawu ko a kwano. Bai musa ba. Ya zauna yana murza yatsunsa da tawada ta rine, ya ce,

"Na sani ba a ɗauka. Amma mutane ba su sani ba, kuma da mutane muke zaune. Ki yi haƙuri da ɗan abin da za a yi, don hankalin kowa ya kwanta."

Ɗan abin shi ne ɗigon jan farce a gindin kofi ɗaya, faranti ɗaya da cokali ɗaya. Aka ajiye su a kan tagar kicin, nesa da kwandon kwanuka, da soson wanke-wankensu daban. Goggo ta ce to. Shekarunta talatin da uku, tela ce, shekara biyu ke nan tana zaune a gidan tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma ta daɗe da iya cewa to.

Washegari matar yayan ta tsayar da yaran biyu a bakin kicin kafin su tafi makaranta, ta jero musu doka. Ba a cin abinci a farantin Goggo. Ba a hawa gadonta. Idan ta faɗi ba a taɓa ta, a ja baya a kira babba. Ta ce ba don ƙiyayya ba ne, yara ne, abin yana firgita su, kuma wanda ya firgita yana ƙarami da wuya tsoron ya bar shi. Babbar, 'yar shekara takwas, Lauya ake ce mata a gidan saboda ba a gama gardama da ita, kuma ba ta manta abin da aka faɗa ko da wasa aka faɗe shi. Ta maimaita dokokin uku ba ta tsallake kalma ba, aka ce mata yarinyar kirki. Auta ta tambaya, to idan babu babba a kusa fa? Uwar ta ce ta rufe baki ta sa takalmi.

Da, Goggo ce ke ɗauko su daga makaranta, domin uwarsu sakatariya ce, ba ta tashi aiki sai ƙarfe biyu. Aka ce ta daina, kar wata rana ta faɗi a tsakiyar titi da yara a hannu. Aka sa su a motar makaranta. Goggo ta ga akwai ƙamshin gaskiya a wannan.

Ɗakinta yana kusa da ƙofar gida. A nan keken ɗinkinta yake, a nan mata ke shigowa awo, su zauna a bakin gado suna zaɓen salo a waya, Auta na ƙarƙashin tebur tana tara ƙyallaye a gwangwani. Bayan sati biyu aka ce yara sun girma, suna bukatar ɗakin karatu mai haske. Aka kwashe buhuna da tsofaffin kwalaye daga sito na bayan kicin, aka share, aka sa mata katifa. Ɗakin bango ɗaya ne da falo. Tagarsa guda ce, can sama, tana kallon katangar maƙwabta. Idan ta shimfiɗa katifa keke ba ya buɗuwa, idan ta buɗe keke sai ta jingine katifa a bango. Ta iya da hakan na 'yan kwanaki. Amma masu kawo ɗinki sai sun ratsa falo da kicin kafin su iske ta, matar yayan kuwa ta fara tarar su tun daga ƙofa tana ce musu ai Goggon yara ba ta jin daɗi, likita ya ce ta huta. Su ce Allah ya ba ta lafiya, su juya da atamfarsu.

Daga nan sai almakashi. Yayan ya ce ya kwana yana tunani, idan abin ya zo mata tana riƙe da shi fa? Ya karɓe almakashi da reza da kwalin allurai. Keken da babu allura ya zama tebur. Wata Asabar ya zo da masu ɗauka biyu suka fita da shi, ya ce zai ajiye mata a shago kar ya yi tsatsa. Goggo ta tsaya a bakin sito tana kallon sawun ƙafafun keken guda huɗu a siminti. Ta ce, "Yaya, to me zan riƙa yi da rana?" Ya ce ta huta, hutu ma aiki ne ga mara lafiya.

Magani shi ne abin da ya riƙe ta duk shekarun nan. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, idan ba ta tsallake ba takan yi wata uku ko huɗu ba ta faɗi ba. Duk wata takan ɗauki katinta ta je asibiti ita kaɗai a sake rubuta mata. Wannan watan yayan ya karɓe katin ya ce ba za ta sake hawa mota ita kaɗai ba, shi zai kai ta. Ranar da aka ba ta ta zo, aikin kalanda ya riƙe shi. Sati na gaba inji ya lalace. Na bayansa aka kawo masa katunan biki na gaggawa. Ta roƙi matar yayan, matar ta ce ita ba za ta iya zama a layin masu irin wannan ciwo ba, wani daga ofishinsu zai iya ganin ta. Goggo ta fara raba ƙwayar biyu da haƙori, rabi da safe rabi da yamma. Ta koma rabi a yini. Wata safiya ta girgiza kwalbar ba ta ji komai ba.

Faɗuwar ta dawo sau ɗaya a sati, sannan sau biyu. Takan farka a ƙasa ita kaɗai, harshe a cije, zane a jiƙe, kanta kamar an sara da gatari. Kowace faɗuwa kuma sai ta zama hujja. Matar yayan ta ce wa mijinta, ka gani ko, da muna bari tana fita da yanzu wani labarin ake yi.

Auta ce kawai ba ta iya doka ba. Idan uwarta ta shiga wanka ko ta kwanta bayan dawowa aiki, sai ta lallaɓo ta bayan kicin, ta tura ƙofar sito da kafaɗa. Wata rana rabin biskit ne a hannunta, ya jiƙe da gumi. Wata rana zanen da ta yi a makaranta, mutane biyar a gaban gida, mai dogon wuyan nan ita ce Goggo. Wata rana ta zo da 'yar tsanarta rigar ta yage a hammata. Goggo ta zaro allura ɗaya da ta ɓoye a bakin katifa, ta zare zare daga gefen zanenta, ta ɗinke. Auta ta zauna a ƙasa, ba a kan katifa ba, don ta ce gado aka hana. Tana kallon allurar na shiga tana fita sai ta ce,

"Goggo, idan kin faɗi, ina kike tafiya?"

"Ba na zuwa ko'ina. Kamar an ɗauke wuta ne, sai a dawo da ita."

"Da zafi?"

"Sai na tashi nake jin zafin."

Auta ta ce idan ta girma za ta saya mata ɗaki mai katifa har a bango, duk inda ta faɗi ba za ta ji ciwo ba. Goggo ta yi dariya, dariyar da ta manta rabonta da ita, har ta toshe baki kar a ji.

An ji. Lauya ta ga sabon ɗinki a hammatar 'yar tsana, ta kai wa uwarta da bayani dalla-dalla. Aka jiƙa 'yar tsanar a tafasasshen ruwa har gashinta ya cukurkuɗe, fuskarta ta lotse. Aka zo aka karɓi allurar. Matar yayan ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce ita ba ta da wata matsala da Goggo, Allah ya sani, amma uwa ce, kuma wadda ba ta haifa ba ba za ta gane ba.

A watan ne makarantar yaran ta shirya makon taimakon marayu. Aka ce kowane yaro ya kawo kayan da ya daina sawa. Yayan ya buga musu babban allon sanarwa kyauta, da hoton hannaye biyu a riƙe da juna. Matar yayan ta cika jaka biyu, yawancinsu rigunan da Goggo ta ɗinka wa yaran da hannunta. Ranar Asabar da za a kai kayan, duk gidan za su tafi. Yayan ya tsaya a ƙofar sito da kwaɗo a hannu, yana kallon ƙasa. Ya ce na yau ne kawai, tunda babu kowa, kar ta fito ta faɗi kusa da risho ko a banɗaki. Ta ji ƙarar kwaɗon, ta ji motar ta tashi.

Sun dawo da azahar suna ta murna. Ta bangon falo Goggo ta ji matar yayan tana nuna hotuna a waya, ga Lauya tana miƙa jaka, ga Auta ta rungume wata yarinya mai ɗingishi ta ƙi saki. Ta ji an zuba abinci. Ta ji yayanta yana yi wa yaran nasiha cikin muryarsa mai sanyi, cewa su gode wa Allah, akwai waɗanda ba su da kowa a duniya, kuma mutumin da ba ya jin tausayi ba mutum ba ne. Sai da aka kwashe kwanuka Auta ta ce, Baba, Goggo ba ta ci ba. Sannan Goggo ta ji ƙarar makullai.

Abin da ya faru ranar Lahadin da ta biyo baya, Goggo ba ta gani ba, daga baya Lauya ta ba ta labari tana tsaye daga nesa.

Goggo tana wankin kayanta a bayan gida, a bahonta na roba wanda shi ma an ɗiga masa jan farce. Yayan ya fita. Matarsa tana ƙofar gida tana magana da maƙwabciya. Yaran na wasa kusa da igiyar shanya. Ciwon ya zo mata tana sunkuye, ta kifa gaba, fuskarta ta shige cikin ruwan sabulu. Ruwan bai fi tsawon tafin hannu ba, amma ya rufe mata hanci da baki. Lauya ta cafke hannun Auta ta ja ta baya, tana ƙwala wa Mama kira, kamar yadda aka koya mata. Auta ta fizge ba ta ƙwace ba, sai ta gantsara wa yayarta cizo. Ta ruga ta kama kan Goggo, ya yi mata nauyi, ta kasa ɗagawa. Sai ta koma ta kama bakin bahon da hannu biyu ta danna shi ƙasa da duk ƙarfinta, ya karkace, ruwan ya malale a siminti. Ta kama kunnen Goggo ta juya fuskarta gefe, ta zauna cikin ruwan tana share mata kumfa da gefen rigarta.

A haka uwar ta iske su. Ba ta dubi wadda ke kwance ba. Hannun 'yarta ta gani da yawu a jiki. Ta kai mata mari, ta sunkuce ta zuwa banɗaki.

Kukan Auta ne ya fara shiga kunnen Goggo da ta farfaɗo. Tana kwance a jiƙe, maƙogwaronta na ɗacin sabulu, tana jin ƙarar soso da ruwan zafi da muryar yarinya tana cewa Mama ya isa, Mama da zafi. Ta so ta tashi, ƙafafunta suka ƙi.

Da yayan ya dawo ya ji labari, ya yi ta hamdala. Ya ce da ƙarar kwana da yanzu gawa ake wankewa. Ya kira Auta, hannayenta sun yi ja har gwiwar hannu, ya ce mata ta yi ƙoƙari, amma ta karya dokar mamanta kuma ta ciji yayarta, don haka babu kallon talabijin sati guda. Ya yaba wa Lauya da ta yi abin da aka ce. Sannan ya zo ƙofar sito ya ce wa Goggo abin ya kai inda ba za a sake sakaci ba. Daga yau ɗakin zai zauna a rufe idan ba ya nan. Zai buɗe da safe kafin ya fita, ya buɗe da yamma idan ya dawo. Za a sa mata bokiti mai murfi da abincin rana tun da safe. Makullin zai zauna a wurinsa, domin matarsa ta ce ba za ta ɗauki wannan nauyin ba.

Goggo ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi masa ba tun suna yara.

"Yaya, ba kulle nake bukata ba, magani ne. Ka kai ni asibiti gobe, ko ka ba ni katina in je da kaina."

"Zan kai ki. Bari in sauke aikin da ke gabana."

"To ka bar ni in tafi. Ko ɗaki ɗaya ne in kama, ka ba ni kekena."

Ransa ya ɓaci a karon farko. Ya ce ta tafi ina? Mutane su ce ya kori 'yar'uwarsa mara lafiya, wadda mahaifiyarsu ta bar masa amana? Ya ce duk abin da yake yi don ita yake yi, wata rana za ta gane. Ya ja ƙofar.

Yini a ɗakin nan ba shi da gaba ba shi da baya. Haske yakan shigo ta tagar sama da hantsi, ya sauka a bango, ya tafi. Ta san lokaci da ƙarar gidan: motar makaranta, takalmin matar yayan, ƙarar tukunya, talabijin. Warin bokitin yakan cika ɗakin kafin la'asar. Ta daina shan ruwa da yawa. Ta koyi zama a ƙasa a tsakiyar katifa, nesa da bango, tana jiran abin da ba ya sallama.

Auta ba ta daina zuwa ba. Takan kwanta a ƙasa ta sa baki a ƙarƙashin ƙofa ta kira ta a hankali, ta turo yatsunta ciki. Sau biyu aka kama ta, sau biyu Goggo ta ji saukar takalmin roba a jikin yarinyar daga kicin, da muryar uwar tana cewa sai ta cire mata wannan taurin kan. A karo na biyu Auta ba ta yi kuka da ƙarfi ba, sai wata irin shessheƙa da ta daɗe ba ta tsaya ba. Goggo ta zauna da bayanta a jikin ƙofa har hasken tagar ya tafi, ta yanke shawara.

Washegari yatsun suka leƙo.

"Goggo, ni ce."

Goggo ta sa muryar da ba tata ba.

"Tashi ki ba ni wuri. Kin dame ni."

Yatsun suka tsaya.

"Na kawo miki alewa."

"Ba na so. Ba na son ganin ki, ba na son jin muryarki. Kar ki sake zuwa nan."

Sannan yatsun suka janye a hankali. Goggo ta ji takun ƙananan ƙafafu suna nisa, ta cusa gefen zane a baki ta cije.

Auta ba ta sake zuwa ba.

Bayan kamar sati uku, wata yamma yayan ya dawo bai riga ya buɗe ta ba, Goggo ta ji dariya a falo. Ta kasa kunne. Lauya ce ke cewa yanzu ni ce Goggo, sai a ji ta faɗi a kan kafet tana buga ƙafa tana gurnani. Dariyar Auta ta biyo baya, da farko guntuwa, kamar mai jiran a ba ta izini. Uwar ta ce kai yaran nan, Allah ya shirye ku, tana dariyar ita ma. Uban ya ce su bari, babu kyau, da muryar da ba ta hana komai. Sai Auta ta ce saura ni. Ta fi yayarta iyawa, domin ita ce ta fi ganin abin kusa.

Wata Laraba da la'asar malamar ajin su Auta ta zo gidan. Mace ce mai shekaru, ta daɗe tana koyar da ƙananan yara, ba ta cika zuwa gidajen iyaye ba sai da dalili. Matar yayan ta tare ta da fara'a, ta kawo lemo. Lauya na gefe da littafi, Auta na kwance a ƙasa tana shafa kala a takarda.

Malama ta ce ba ƙara ta kawo ba, damuwa ce. Ta ce jiya wani yaro ya faɗo daga lilo, bakinsa ya fashe, yana kwance yana kuka jini na zuba. Auta ce ta fi kowa kusa da shi. Ta ja da baya, ta mayar da hannayenta biyu a bayanta, ta ce wa sauran yaran kar wanda ya taɓa shi. Da aka ɗauke shi kuma sai ta kwaikwayi faɗuwarsa, yara suka yi dariya. Malama ta ce a farkon shekara wannan yarinyar idan wani ya yi kuka ita ce ke fara zuwa, har abincinta take rabawa, sai an hana ta. Ta ce tana so ta san ko wani abu ya faru.

Matar yayan ta riƙe haɓa. Ta ce wallahi abin ya ba ta mamaki, domin su a gidan nan babu abin da suke nanata wa yara kamar tausayi, ai Malama ta ga abin da suka kai ranar marayu. Ta ce ko dai talabijin ne, ko kuma yaran da take zama da su a aji.

Tana cikin magana aka ji wani abu mai nauyi ya bugi bangon falo ta baya. Hoton da ke rataye ya karkace. Sai kuma ƙarar duga-dugai suna dukan katako, da sauri, ba tsayawa.

Malama ta ajiye kofin. Ta tambaya wane ne a can. Matar yayan ta ce kaya ne a sito, ba a jera su da kyau ba. Lauya ta sunkuyar da kai cikin littafi. Auta ba ta ɗago daga takardarta ba, ta sauya kala ta ce,

"Ba kowa, Goggo ce. Za ta daina."

Malama ta dubi yarinyar, ta dubi uwar, ta miƙe. Ba ta nemi izini ba, ta bi ta kicin har ta iske ƙofar da kwaɗo a jiki. Ta ce a kawo makulli. Aka ce yana wurin maigidan, a shago. Ta ce a kira shi. Aka kira, ya ce yana tsakiyar aiki, ai takan tashi da kanta, a bar ta ta huta. Malama ta durƙusa a simintin da kayanta na aiki, ta sa baki kusa da ƙofar tana magana a hankali, tana cewa ga ta nan, ba za ta tafi ba. Dukan ya lafa. Can wata murya ta fito daga ciki, a dishe, harshe a kumbure, ta tambaya wace ce, sannan ta roƙa don Allah a duba ko yaran ba su tsorata ba.

Malama ba ta tafi ba sai da maigidan ya dawo. Ta faɗa masa abin da ke bakinta a gaban matarsa, ta ce yaro ba ya koyon tausayi a allon sanarwa, abin da ya ga ana yi a bayan kicin shi yake tafiya da shi makaranta. Ya saurare ta da ladabi, ya ce ya gode, lamarin gida ne mai wuyar fahimta ga na waje, kuma cikin satin nan zai kai ta asibiti. Ya raka ta har bakin titi.

Satin ya wuce bai kai ta ba, aiki ya yi yawa. Amma ya samu lokacin zuwa wata makarantar ya cika takardu. Ranar Litinin wata motar daban ce ta zo ɗaukar yaran, da sabbin riguna masu wata kalar. Da maƙwabta suka tambayi dalili, ya ce waccan makarantar ta lalace, malamansu sun fiye shiga abin da ba ruwansu, kuma ya lura tun da ya sa Auta a can tarbiyyarta take ja da baya.